Karen Azawak da karnukan gadi a Zangon Kwatano: aikinsu, hukuncinsu da nauyin da ke kan mai su

Unguwar Zango ta birnin Kwatano, wadda ke cikin gunduma ta biyar ta birnin, ba nisa da babbar kasuwar Dantokpa da tashar jiragen ruwa, matsuguni ce ta Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da Fulani da sauran Musulmin da fatauci ya gangaro da su daga arewa, kuma arzikinta ya daɗe yana rataye a kan kayan da aka saba saukewa a bakin teku ana lodawa zuwa Parakou da Malanville da Gaya, daga can su wuce Dosso da Yamai da Maraɗi. Duk inda dukiya ta taru, ko a mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan 'yan kasuwa, ko a filayen motocin hannu da ke Sekanji da Ekpe a kan hanyar iyakar Najeriya, maganar tsaro tana biye da ita, kuma a biranen gaɓar teku wannan magana ta kai mutane da dama ga sayen manyan karnuka waɗanda iyayensu ba su taɓa gani ba. Bahaushen Zango yana shiga wannan harka da abubuwa biyu a ransa: ƙyamar kare da ya taso da ita tun daga zauren karatu, da kuma buƙatar tsare abin da ya tara, kuma saboda rashin daidaita su ne ake yawan ganin kare a gidan da ba a shirya masa ba.

Abin lura a tarihin gadi a waɗannan birane shi ne mutumin Sahel ya iso bakin teku ba tare da karensa ba. Farin shekarun 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984 zuwa 1985, sun ƙarar da dabbobin makiyaya masu yawa a Nijar da Mali, suka tilasta wa Buzaye da dama gangarowa Kano da Legas da Kwatano da Lome, inda suka shahara da aikin gadin gidaje da shaguna, har rawani da butar shayi a ƙofar gida suka zama alamar gidan da ke da tsaro. Amma a ƙasarsu ta asali, aikin sanar da zuwan baƙo cikin dare da korar kura da dila daga garke ba na mutum kaɗai ba ne, domin akwai wani kare da aka daɗe ana kiwo dominsa, wanda duniya ta sani yau da sunan Azawak.

Azawak sunan wani faffaɗan kwari ne busasshe da ke tsakanin duwatsun Ayar na Nijar da na Adrar na Mali, wanda ya haɗa yankunan Cintabaradan da Tasara da Abalak a jihar Tawa, ya miƙa har Menaka, kuma daga gare shi ne shanun Azawak masu yawan nono suka sami sunansu. Karen wannan ƙasa, wanda Buzaye ke kira oska, dogo ne siriri, namijinsa yana kai santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kuma kilo 20 zuwa 25 ne kacal, macen ba ta cika wuce kilo 20 ba. Ƙafafunsa dogaye ne ƙwarai, ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a ɗaure, fatarsa siririya, gashinsa gajere har ya kusa ƙarewa a ciki, kuma haƙarƙarinsa yana bayyana ko da yana cikin ƙoshin lafiya, abin da ke sa wanda bai san shi ba ya zaci yunwa ce ta kama shi ya yi ta ɗura masa abinci har ya ɓata shi. Yana cikin rukunin karnukan da ke farauta da ido, waɗanda ke hango dabba daga nesa su bi ta da gudu a fili, saɓanin waɗanda ke sunkuyar da kai su bi sawu da hanci a cikin kurmi, kuma gudunsa yana kai kusan kilomita 60 a awa, tare da juriyar zafin rana wadda karnukan tsere na Turai ba su da ita. Da wannan gudu ne ake kama zomo da barewa da shi. Macensa kan nemi barbara sau ɗaya ne a shekara, alhali yawancin karnukan gida sau biyu suke yi, kuma a zangon makiyaya abincinsa bai wuce abin da masu shi ke ci ba, wato gero da nono, sai ɗan naman da ya samu daga farauta.

Halinsa ya fi siffarsa muhimmanci ga wanda ke tunanin mallakarsa. Masu kiwonsa sun yi ittifaki a kan cewa gadi ne aikinsa na farko, farauta ta biyu, domin kare ne da ke manne wa mutanen gidansa ya kuma yi nesa da baƙo, ba ya son hannun da bai sani ba ya taɓa shi, yana aiki cikin ayari tare da 'yan uwansa, kuma idan ɗaya ya yi haushi sauran sukan taru su fuskanci abin da ke zuwa. Irin wannan hali yana da amfani a inda tanti ke nesa da tanti, inda duk wanda ya doso da dare abin tuhuma ne har sai ya yi sallama. A unguwar da maƙwabci ke shigowa aron wuta, yara ke ratsa tsakar gida a kan hanyar makarantar allo, masu talla ke leƙowa tun da hantsi, wannan hali ɗin ne yake zama matsala, ba tare da kare ya sauya komai daga abin da aka gina shi a kai ba.

Turawa sun fara fitar da shi a farkon shekarun 1970, da farko zuwa Yugoslabiya ta hannun wani jami'in diflomasiyya da ya yi aiki a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, sannan zuwa Faransa ta hannun sojoji da ma'aikatan da suka zauna a Sahel. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda hedikwatarta ke Beljiyam, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a farkon shekarun 1980, babbar ƙungiyar Amurka kuma ta shigar da shi cikakken rajistarta a 2019. Sakamakon haka shi ne karen da ake ba juna kyauta a zangon makiyayan Tawa ya zama mai takardar nasaba da tsada a Turai, alhali a biranen Afirka ta Yamma, waɗanda suka fi kusa da mahaifarsa, masu kuɗi ba su cika waiwayarsa ba, domin a idonsu bai cika ido ba kuma bai zo daga ƙetare ba. A ƙasarsa ma aikinsa na farauta ya ragu, saboda barewar da ake bi da shi ta yi ƙaranci sakamakon fari da farautar mota da bindiga, abin da ya rage daga cikinta kuma yana samun mafaka ne a wuraren da doka ta keɓe, irin su gandun Gadabeji na jihar Maraɗi, wanda aka kafa a 1955. A Benin ma manyan namun daji suna gandayen Pendjari da W ne a can arewa, inda mai kare ba shi da ikon sakin karensa. Don haka mazaunin Kwatano da ya ce yana riƙe da karen farauta, a mafi yawan lokuta kare ne ke hannunsa wanda babu abin da zai farauta.

Karen da ya cike gurbin a gidajen masu hali na gaɓar teku wani ne dabam. Baya ga karen makiyayan Jamus, wanda sojoji da 'yan sanda suka sa aka saba da shi, wanda ya fi tashe shi ne Boerboel na Afirka ta Kudu, ƙato mai faffaɗan kai da kaurin wuya, wanda namijinsa kan wuce kilo 60, wani ma ya doshi 90. Asalinsa yana komawa ga manyan karnukan da Turawan Holan da waɗanda suka biyo bayansu suka kai yankin Kef tun daga 1652, waɗanda suka gauraya da wasu ire-ire a gonakin manoma, inda aikinsu shi ne tsare gida da garke daga damisa da kura da ɓarayi, wani lokaci kuma a fita da su farauta domin su riƙe dabbar da aka harba. A 1983 ne aka kafa ƙungiyar farko ta masu kiwonsa domin tattara abin da ya rage na irin da tsara siffofinsa. Kare ne mai natsuwa idan ya sami tarbiyya, mai kishin iyakar gidansa, wanda ba ya yawan haushi kafin ya ɗauki mataki, kuma ƙarfinsa ya fi ƙarfin riƙon mace ko yaro ko dattijo. Saboda haka ne Faransa, a dokarta ta 6 ga Janairun 1999, ta sa karnuka masu siffarsa cikin rukuni na farko na karnuka masu haɗari, Denmak kuma ta haramta kiwonsa a 2010. Waɗannan ƙasashe ne masu faɗin gidaje da yawan likitocin dabbobi, kuma duk da haka suka ga ya fi ƙarfin sakaci.

Kafin a kai ga maganar abinci da magani, Musulmin Zango zai fara tambayar hukunci, kuma a nan akwai tazara tsakanin abin da jama'a ke ɗauka da abin da ke cikin littattafan da malamansu ke karantarwa. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta Afirka ta Yamma, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa da guminsa, kamar yadda Mukhtasar na Shehu Khalil ya tabbatar, kuma wanke ƙwaryar ruwan da ya sa baki a ciki sau bakwai ana yinsa ne ta'abbudan, wato don bin umarni kawai ba don an hukunta cewa najasa ce ba. Ra'ayin da ke ɗaukar kare a matsayin najasa mai kauri, wadda sai an haɗa da ƙasa wajen wanke ta, na Shafi'iyya da Hanbaliyya ne. Sai dai tsarkin jikinsa bai buɗe ƙofar ajiye shi ba gaira ba dalili, domin hadisi ingantacce ya nuna ladan mai ajiye kare yana raguwa kowace rana sai idan na farauta ne ko na kiwo ko na gona, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta taƙaita izinin a kan waɗannan buƙatu, ta kuma ƙayyade farautar da cewa ta neman abinci ce, ban da ta shaƙatawa. Gadin gida a cikin gari bai zo a jerin ba, amma masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoron cutarwa, kuma da aka tuna masa da ra'ayin Malik ya nuna cewa sauyin zamani ne ya wajabta hakan. Daga nan malamai da yawa suka yi ƙiyasin tsaron gida da dukiya a kan tsaron garke da gona, da sharaɗin buƙatar ta zama ta gaske. Game da sayar da shi kuwa an yi saɓani a cikin mazhabar, inda Sahnun, mai Mudawwana, ya halatta kuɗin karen da aka yi izinin riƙewa.

Akwai wani abu a babin farauta da ya kamata mai karen gadi ya tsaya a kansa. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabba mai horo ta kamo, malamai kuma suka bayyana mai horo da cewa shi ne wanda idan aka sake shi ya tafi, idan aka tsawata masa ya tsaya. Rabin biyu na wannan ma'auni, wato tsayawa idan an hana, shi ne abin da masu horar da karnuka na zamani ke ɗauka a matsayin ginshiƙin aikinsu, kuma shi ne abin da aka fi rasawa a karnukan gadi na birni. Karen da ya iya kai hari amma bai iya janyewa da umarnin mai shi ba, bai cika sharaɗin horo ba ko a fiƙihu ko a wajen likitan dabbobi. Fiƙihun Malikiyya ya kuma ɗora alhakin ɓarna a kan wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗe shi, har ta kai ga biyan diyya idan rai ya salwanta, kamar yadda dokar farar hula ta Faransa, wadda ƙasashen da Faransa ta mulka suka gaji tsarinta, ta ɗora wa mai dabba alhakin abin da ta yi ko tana hannunsa ko ta kuɓuce.

Hausawa na cewa ba a kiwon kare ranar farauta, kuma binciken halayyar dabbobi ya sanya wa wannan magana lokaci. Tsakanin mako na 3 da kusan na 12 zuwa na 14 na rayuwar kwikwiyo ne yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida da abin da zai ji tsoro, saboda haka wanda aka raba da uwarsa kafin mako 8, aka kulle shi a keji bai ga yara ba, bai ga awaki da raguna ba, bai ji ƙarar zemijan ba, waɗannan babura masu ɗaukar fasinja da suka cika titunan Kwatano, zai girma yana ganin kowannensu abokin gaba ne. Al'adar ɗaure kare da gajeriyar sarƙa ko rufe shi a akwati duk yini, da hana shi abinci, da dukansa, wai don ya yi zafi da dare, tana haifar da kare mai cizo saboda tsoro, wanda bai bambance ɓarawo da ɗan mai gida da ya dawo a makare ba. Babban kare yana buƙatar fita tafiya kowace rana, da igiya mai ƙarfi, da takunkumi idan za a ratsa mutane, a hannun mutum ɗaya da ya sani kuma yake jin maganarsa. A nan ne tsarin da aka saba da shi yake da rauni, domin alhaji ne ke sayen kare amma maigadi ne ke zama da shi, kuma ranar da maigadin ya tafi ganin gida, sai a wayi gari babu wanda ke iya shiga filin, har mai dukiyar.

Ciyar da shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Karen da ya kai kilo 60 yana cin fiye da kilo ɗaya na abincin da aka dafa a gida kowace rana, kuma ragowar tuwo da miya ba ta wadatar da shi, domin yana buƙatar nama ko kifi ko ƙwai tare da hatsi. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba miyar gida da su, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa idan suka yi yawa, goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke bugar da zuciyarsa, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna fuskantar murɗewar tumbi, wato ciki ya cika da iska ya juya a kan kansa, abin da ke kashewa cikin sa'o'i kaɗan, shi ya sa ake raba musu abinci sau biyu kuma ba a sa su gudu da zarar sun ci. Boerboel yana da saurin kamuwa da gurɓacewar gaɓar kwatangwalo, cutar gado da ke ƙaruwa idan aka yi wa kwikwiyo ƙiba da wuri, kuma da wuya mai saye a bakin titi ya ga uwa da uban abin da ya saya, balle ya san lafiyarsu.

Yanayin Kwatano bai dace da ko ɗaya daga cikin karnukan biyu ba, kowanne ta fuskarsa. Birnin yana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, iskarsa tana da laima kusan duk shekara, unguwanni da yawa kuma suna kwana cikin ruwa idan sama ta sauko. Kare ba ya yin gumi a jiki yadda mutum ke yi, da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki sosai a iska mai laima, don haka ƙato mai nauyi da aka bari a kan siminti ko a ƙarƙashin kwano da tsakar rana yana iya mutuwa idan zafin jikinsa, wanda a ƙa'ida yake tsakanin digiri 38 da 39, ya haura 41. Azawak yana jure zafi amma ba ya son ruwan sama da danshi, kuma babu filin da zai miƙe ƙafa a tsakiyar gari. Laimar tana kuma raya kaska, wadda ke ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi da ramewa, da ƙuma, da cututtukan fata, yayin da cutar zawo da amai ta kwikwiyo ke kashe waɗanda ba a fara yi musu allurar rigakafi ba tun suna mako 6 zuwa 8.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncin bai da wuyar fitarwa. Gidan haya na Zango, mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa, wanda ake shimfiɗa tabarmar salla a ƙofarsa kuma ake ɗaure ragunan layya a gefensa, ba wurin Boerboel ba ne kuma ba wurin Azawak ba ne. Wurin babban kare shi ne mangaza ko fili mai katanga, da inuwa da ruwa da mutumin da ya san shi, kuma wanda buƙatarsa ba ta wuce a tashe shi daga barci ba idan an taɓa ƙofa, karen gida na gargajiya, wanda ya saba da ƙasar da cututtukanta, yana yi masa wannan aiki da kuɗi kaɗan da haɗari kaɗan.

Ko wane irin kare aka zaɓa kuwa, cutar da ta shafi kowa, mai kare da maƙwabcinsa, ita ce haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar cizo ko yakushin kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, irin su firgita da tsoron ruwa, kusan babu mai tashi, alhali rigakafinta yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarta. Wajibi ne mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar tun yana wata 3, a riƙa sabunta ta a kan lokaci, ya kuma adana katin domin ranar da za a tambaye shi. Wanda kare ya ciza kuwa, ko na gida ne ko na titi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai sami karen.